Tsakanin ƴan Barsa da ƴan Madrid: barkwanci ne ko gaba?

Wannan magana ta daɗe tana ci mana tuwo a ƙwarya, amma abin da ya sa muka ɗauki alƙalami a kanta shi ne wani abu da ya faru da mu kanmu a gidan rediyon da muke aiki. Muna da filin wasanni kowace Litinin da safe, inda muke buɗe layi masu saurare su kira su faɗi albarkacin bakinsu. A watan Mayun 2025, washegarin ranar da Barcelona ta ci Real Madrid 4 da 3, wani saurayi ya kira da murya a sanyaye, ya yi sallama, ya ja innalillahi, ya ce yana sanar da ƴan uwa da abokan arziki rasuwar wani bawan Allah a unguwarsu, kuma za a yi jana'iza da ƙarfe goma. Har suna ya faɗi. Sai da muka fara yi masa gaisuwa sannan ya fashe da dariya, ya ce ai mamacin ɗan Madrid ne, ƙwallo huɗu ne ajalinsa.

Ba za mu ɓoye ba, mu ma mun yi dariya a lokacin. To amma mahaifiyar wancan yaro da aka ambata tana wani ƙauye da muryar rediyonmu ke kaiwa, kuma farkon maganar aka kai mata, ba a kai mata ƙarshenta ba. Baiwar Allah ta bar surfe a turmi, ta ranci kuɗin mota, ta iso gari tana kuka, ta tarar da ɗanta zaune a fada yana jiran shayi na biyu. Mun je har gida mun ba ta haƙuri, ta kuma yafe mana, amma ta yi mana wata tambaya da ba mu iya amsawa ba. Cewa ta yi: "Ƴaƴana, wannan Madurid ɗin a wane gari yake, har da za a kashe mini ɗa da baki saboda shi?" Samarin nan biyu tare suka tashi, tare suka yi makarantar allo, yau ko gaisuwa ba ta haɗa su.

Kada mai karatu ya ɗauka muna adawa da tsokana ne. Ko kusa. Ƙwallon da ba tsokana miya ce ba gishiri, kuma duk wanda ya taɓa biyan dala ashirin ya shiga gidan kallo ranar da waɗannan ƙungiyoyi biyu suka haɗu ya san rabin daɗin yana kan benci ne, ba a cikin telebijin ba. Wannan ya tashi ya yi rawa, wancan ya rufe fuska da hula, mai shayi ya ce yau ɗan Madrid ba bashi. Mu da muke cikin shekaru arba'in da wani abu mun ga yadda abin ya faro. Lokacin da tauraron ɗan'adam ya fara kawo wasannin Turai cikin unguwanni, kowa bin ɗan Afirkan da ya burge shi ya yi. Masu son Nwankwo Kanu suka tafi Arsenal, masu son Drogba da Essien suka tafi Chelsea. Zuwan Samuel Eto'o Barcelona a 2004, da Yaya Toure da Seydou Keita a bayansa, shi ya cika garuruwanmu da riga mai ja da shuɗi, kamar yadda Zidane da Mahamadou Diarra, daga baya kuma Cristiano Ronaldo da Benzema, suka cika su da farar riga. Ba wanda ya gaji wannan a gidansu. Zaɓa kowa ya yi, wani ma don dai wansa na ɗaya ɓangaren ne.

Kowane ɓangare kuma yana da makamansa a aljihu, ya haddace su fiye da yadda ya haddace lambar salularsa. Ɗan Barsa zai ce maka 6 da 2 a 2009 a gidan Madrid, 5 da nema a 2010, sannan ya ƙara da kakar 2024 zuwa 2025 da suka ci Madrid sau huɗu a jere. Ɗan Madrid ba ya dogon bayani, yatsu takwas kawai zai ɗaga maka, wato 8 da 2 ɗin da Bayern ta yi wa Barsa a Lisbon a watan Agustan 2020, ko ya tuna maka daren Liverpool na 2019, ko ya ce ka ƙirga kofin Turai 15 da suka cika a 2024 ka zo ka gwada da naka. In gardama ta yi zafi sai a jawo batun Negreira, tsohon mataimakin shugaban kwamitin alƙalan wasa na Sifaniya, wanda a 2023 ta fito fili cewa Barcelona ta biya kamfanoninsa sama da Yuro miliyan 7 tsakanin 2001 da 2018. Ƙungiyar ta ce kuɗin rahotanni ne a kan alƙalai, ƴan Madrid suka ce sayen alƙalai ne, magana ta kai kotu. Duk wannan mu a wurinmu halas ne. Abu ne da ya faru a fili, kowa ya gani, kuma wanda aka yi wa dariya yau shi zai yi gobe.

Ai mu ba baƙin tsokana ba ne. A ƙasar nan Bafillace da Babarbare ba sa haɗuwa a rabu lafiya da baki, haka Bagobiri da Bazabarme, haka Buzu da Bazabarme, haka ɗan mace da ɗan namiji a cikin gida ɗaya. Babarbare zai tsaya tsakiyar kasuwa ya kira Bafillace bawansa, Bafillace ya mayar masa da wadda ta fi ta, jama'a na dariya, a ƙarshe ɗaya ya saya wa ɗaya goro. Wannan al'ada ce da duniya ta yaba mana a kanta, har hukumar UNESCO ta sanya barkwancin Nijar cikin jerin al'adun gado na bil'adama a 2014. Shi ya sa in ka yi wa matashi faɗa a kan abin da yake yi wa abokin hamayyarsa na ƙwallo, nan da nan sai ya ce maka: "Haba baba, ai wasan taubasai ne."

A nan muka rabu da su. Wasan taubasai yana da shari'arsa, ko da ba a rubuce take ba. Taubashinka ba ka zaɓe shi ba, gadonsa ka yi, kuma tare da bakin da aka ba ka a kansa an ɗora maka nauyinsa. In ya sauka garinku kai ne mai masaukinsa. In faɗa ya haɗa shi da wani kai ne mai shiga tsakani, kuma in ka ce a bari dole a bari. Tsofaffi sun ce wanda ya cuci taubashinsa ko ya zubar masa da jini ba ya gamawa lafiya, kuma mutane sun yarda da haka har cikin zuciya. Wanda ya yi fushi a wasan shi ne ya faɗi, amma wanda ya wuce gona da iri shi ma akwai mai tsawata masa, domin a gaban jama'a ake yi, a gaban manya. Ba mu taɓa jin Babarbare ya aika wa uwar Bafillace da labarin mutuwar ɗanta don a yi dariya ba. To ku gaya mana, wane nauyi ɗan Barsa ya ɗauka na ɗan Madrid? Sun ɗauki bakin taubasai sun bar amanar taubasai a ƙasa.

Wani zai ce muna kambama ƙaramin abu. To a tuna da daren 27 ga Mayun 2009, da Barcelona ta ci Manchester United 2 da nema a birnin Roma, Eto'o da Messi suka zura. A garin Ogbo na jihar Ribas a Najeriya, wani direban bas mai goyon bayan Manchester ya auka da motarsa cikin masu murnar nasarar Barsa, ƴan sanda suka ce mutum huɗu sun rasu. Da wuya in ƴan wasan da aka mutu dominsu sun taɓa jin sunan garin. Irin wannan ba a dare ɗaya yake tsirowa ba. Magana ce ake tarawa yau da gobe, ana cusa wa mutum har ranar da zuciya za ta ɗebe shi.

Su Turawan da muke kwaikwayo ma abin ya ishe su. Tsakanin Manchester United da Liverpool akwai wata mummunar ɗabi'a da ta daɗe. A ranar 6 ga Fabrairun 1958 jirgin da ya ɗauko ƴan wasan Manchester ya yi haɗari a Munik, mutum 23 suka mutu, takwas daga ciki ƴan wasa ne. A ranar 15 ga Afrilun 1989 kuma aka yi turmutsutsu a filin Hillsborough, wanda ya yi sanadin mutuwar magoya bayan Liverpool 97. Shekara da shekaru wasu marasa kunya daga kowane ɓangare suna rera waƙar ba'a da mamatan ɗaya ɓangaren. Abin ya kai a watan Maris na 2023 masu horar da ƙungiyoyin biyu na lokacin, Jurgen Klopp da Erik ten Hag, suka fitar da sanarwa tare suna roƙon a daina. Ranar wasan Liverpool ta ci 7 da nema, kun ga ashe akwai abin tsokana isasshe ba sai an tono kabari ba. Bayan wata uku, a wasan ƙarshe na kofin FA a Wembley, aka kama wani sanye da riga mai lamba 97 da rubutun da ke nufin wai ba su isa ba. Kotu ta hana shi shiga filin ƙwallo shekara huɗu. Su can sun kai ga kotu. Mu nan da muka san darajar mamaci, mu ne yanzu ake haɗa hoton makara da likkafani a salula, a liƙa fuskar aboki, a watsa wa duniya.

Amma wanda ya fi ƙona mana rai shi ne wani. A watan Fabrairun 2006, a filin Saragosa, ƴan kallo suka dinga yi wa Eto'o kukan biri har ya nufi hanyar fita daga fili, sai da abokan wasansa da mai horar da su suka lallashe shi ya dawo. A lokacin duk wani ɗan Afirka ya ji zafin abin, ɗan Barsa ne ko ɗan Madrid. A watan Mayun 2023 aka yi wa Vinicius irin wannan a Balensiya, har a 2024 kotu ta yanke wa mutum uku ɗaurin wata takwas. A watan Oktoban 2024 kuma, a gidan Madrid, wasu suka zazzagi Lamine Yamal, yaron da mahaifinsa ɗan Maroko ne mahaifiyarsa ƴar Ikwatoriyal Gini, har ita kanta ƙungiyar Madrid ta fito ta yi tir. To wallahi da kunnenmu mun ji, a gidan kallo a garin nan, yaro baƙi kamar mu yana kiran Vinicius biri, benci guda na tafa masa. Da muka yi magana sai aka ce ai ɗan Madrid ne. Subhanallahi! In Bature ya faɗi wannan kalma, da wa yake? Ai da kai yake, da ubanka, da mu duka. Ka ari sandar da aka yi domin bayanka kana dukan ɗan uwanka da ita, kana murna.

Me ya sa abin ya ƙazanta a ƴan shekarun nan? A ganinmu salula na da nata kaso. Da can in an tashi daga gidan kallo magana ta ƙare, kowa ya kama hanyar gida, gobe a haɗu a masallaci. Wanda ka tsokana yana gabanka, kana ganin idonsa, in ya canza fuska ka san wurin tsayawa. Yanzu wanda aka ci ba ya samun barci. Saƙo na shigowa har asuba, daga wanda ya sani da wanda bai sani ba, kuma mai turowa ba ya ganin halin da ya jefa shi. Amma babban abin da ba a so a faɗa shi ne caca. Matasa da yawa yanzu ba kallo kawai suke yi ba, kuɗi suke zubawa a kan wasa. Ɗan kabu-kabu ya wuni cikin rana ya haɗa jaka biyu, maimakon ya kai wa mai babur ko ya kai cefane gida sai ya zuba a kan Madrid. In aka ci Madrid, ba ƙungiya kaɗai aka ci ba, abincin gidansa aka ci. A wannan hali ne wani zai zo yana yi masa rawa a gaba yana ɗaga yatsu. Mutumin da ke lissafin abin da zai gaya wa matarsa ba ya jin barkwanci. Faɗan da muka sha rabawa a ƙofar gidajen kallo, in ka bi diddigi, sau da yawa akwai ƴar takardar caca a aljihun ɗaya daga cikinsu.

Akwai dattawan da suka same mu suka ce mu yi kira a rufe gidajen kallo baki ɗaya. Da girmamawa, ba mu tare da su a nan. Saurayin da ya gama makaranta ba aiki, ko wanda ma bai samu shiga ba, wannan awa biyun ita ce ɗan abin da yake jira duk mako. In ka rufe masa wannan ƙofa ba gona zai tafi ba, wata ƙofar zai nema, kuma mun san irin ƙofofin da ke buɗe da dare. Ga masu gidajen kallon su ma da iyalansu, da mai shayi da mai tsire da ke ci a gefensu. Kuma ko an rufe, wasan yana cikin salula. Gara a bar su inda ido ke ganinsu.

Abin da muke nema bai kai haka tsada ba. Mai gidan kallo ya san abokan cinikinsa ɗaya bayan ɗaya, ya san mai baki da mai zuciya. Kamar yadda yake korar wanda bai biya ba, zai iya korar wanda ya zagi uwar wani ko ya kira ɗan'adam biri, ya hana shi shiga wasa biyu ko uku. Su da suka san jan kati ai ba sai an yi musu fassara ba. Kowace fada kuma tana da shugaba, tana da dokar tara ga wanda ya makara da kuɗin sukari, to me zai hana a sa tara ga wanda ya taɓa mamaci ko iyaye ko addinin wani da sunan ƙwallo? Sai mu ƴan rediyo, domin ba za mu wanke kanmu ba. Mun daɗe muna jin daɗin yadda layi ke cika in ana zage-zage, muna ƙara wa wuta itace don a ce filinmu ya fi farin jini. Wanda ke riƙe da makirfo shi ne babba a wannan dandali ko da shekarunsa ashirin, kuma ranar da aka yi mana sanarwar mutuwar ƙarya mu ne ba mu yi aikin babba ba.

Wani lokaci mukan yi mamakin yadda muke da abin tsokana na gida amma muka bar shi. Wa ya manta da watan Oktoban 2011? Mena ta ci Masar da Saliyo da Afirka ta Kudu duka a Yamai a ƙarƙashin Harouna Doula. A ranar ƙarshe Masar ta ci mu 3 da nema, su kuma ƴan Afirka ta Kudu suka yi canjaras da Saliyo, suka hau rawa a tsakiyar fili suna zaton sun wuce, alhali ba su karanta doka ba: ƙasashe uku ne ke da maki tara tara, kuma da aka duba wasannin da suka yi a tsakaninsu Nijar ce a sama. Haka muka je gasar Afirka ta 2012 karo na farko a tarihi. Daren nan ba ɗan Barsa ba ɗan Madrid, gari ɗaya ne ke dariya. Ko ku dubi kokowa. Tun da aka fara gasar takobi a Tawa a 1975, ƴan Maraɗi da ƴan Doso da ƴan Damagaram ke yi wa juna kirari da gori, ga ƴan cali-cali na kwaikwayon wanda aka kayar har shi ma ya dara. Zafi akwai shi, wani lokaci har da hayaniya, amma wanda ya yi kaye yakan miƙa hannu ya ɗaga wanda ya faɗi, kuma dubban mutane na ganin haka.

Su kansu masu abin sun taɓa nuna irin wannan. A watan Nuwamban 2005 Barcelona ta je gidan Madrid ta ci 3 da nema, Eto'o ya buɗe, Ronaldinho ya ƙara biyu, kuma bayan ta biyun magoya bayan Madrid suka miƙe tsaye suna tafa masa. Waɗannan su ne ƴan asalin garin, waɗanda kakanninsu suka gina ƙungiyar, masu biyan kuɗin kujera duk shekara. Mu da muka tsinci abin a telebijin ne za mu fi su zafi? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma mu mun zama ƴan taya ɓera ɓari.

Tun bayan abin da ya faru mun kafa doka a filinmu na Litinin. Duk wanda ya kira yana da damar ya yi wa abokin hamayya dariya iya son ransa a kan abin da ya faru a fili, amma ba sunan mutum, ba iyaye, ba mutuwa, ba launin fata. Wanda ya ƙetare mu katse layi, kuma mu faɗi dalili a iska. Makon farko an zage mu, wasu suka ce Madrid ta saye mu, wasu suka ce Barsa ce, wanda ya nuna mana dai mun tsaya a tsakiya. Layin bai daina cika ba. Wancan saurayi da ya yi sanarwar ya sake kira sau biyu, mun bar shi ya yi magana, kuma duk lokacin da ya kira mukan tambaye shi ko ya je ya gai da tsohuwar nan. Har ranar da muke rubuta wannan, amsarsa ita ce yana nan yana shiri.